Yadda na gyara mutuwar batir a hamadar Arizona

A watan Disamba muka ajiye motarmu mai ɗaki a La Posa, kudu da garin Quartzsite, filin gwamnati da hukumar BLM, mai kula da filayen gwamnatin Amurka, ke barin matafiya su zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Babu wayar lantarki, sola kaɗai muka dogara da ita.

Kwana uku a jere batir na mutuwa kafin asuba, hita ta tsaya, sanyi ya hana maiɗakina barci. Abin ya dame ni ƙwarai. Na zaci batirin ne ya lalace, har na fara neman sabo.

Ashe matsalar tana kan rufi. Farantan sola a kwance suke, alhali a wannan lokaci rana ba ta hawa sama sosai. Ko da tsakar rana tsayinta kimanin digiri 33 ne kawai. Ga ƙura ta lulluɓe su. Na goge su tas, na sa ƙarafa na ɗaga su kimanin digiri 50, suna fuskantar kudu. Fankar hita ma tana shan wuta, sai muka rage ta, muka ƙara bargo.

Washegari kafin la'asar batir ya cika.