Yadda ake gasa fiza irin ta birnin Napoli na ƙasar Italiya a tanderun itace

Da farko ki kwaɓa fulawa kilo 1 da ruwa mililita 600, gishiri giram 25 da yis ɗan kaɗan. Ki cuɗa har ya yi santsi, ki rufe. Bayan awa 2 ki yanka shi curi-curi, kowanne kamar giram 250, ki bar su su tashi na aƙalla awa 6. Kada ki yi gaggawa a nan, ɗanɗanon duk daga wannan jiran yake fitowa.

Ki hura wuta da busasshen itace a cikin tanderun har rufinsa ya yi fari, zafin ya haura digiri 430 a ma'aunin Celsius. Sai ki tura garwashin gefe guda, ki share ƙasan.

Da hannu ake buɗe curin, daga tsakiya zuwa baki, a bar gefen da kauri. Masu yin fiza a Napoli ba sa murza shi da katako, don iskar da ke ciki za ta fice. Ki shafa markaɗaɗɗen tumatir, ki sa cukun mozzarella, ganyen ɗaɗɗoya da man zaitun.

Ki zura ta kusa da wuta, kina juyawa. Daƙiƙa 60 zuwa 90 ta gasu. A ci da zafinta.