Idan adaidaita sahu ko mota ta buge ka a cikin unguwa

Da farko a kai ka asibiti mafi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti a Najeriya ƙin duba mai buƙatar kulawar gaggawa. Idan raunin ya yi tsanani, a kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra.

Kafin jama'a su watse, wani naka ya rubuta lambar abin hawan, ya ɗauki hoton wurin da raunin, ya karɓi lambar wayar shaidu biyu.

Sai a kai rahoto ofishin 'yan sanda, ka kuma nemi rahoton likita. Ka adana duk rasitin magani, komai ƙanƙantarsa, domin da su ake lissafin diyya.

Ka tambayi takardar inshorar abin hawan. Doka ta wajabta wa kowane direba inshorar da ke biyan wanda ya ji wa rauni.

A nan nake so a yi hattara: za a zo da dattawa neman sulhu gaban mai unguwa. Sulhu alheri ne, amma kada ka sa hannu kan yafiya kafin likita ya faɗi iyakar raunin. Karaya takan ci kuɗi tsawon watanni.

Idan an ƙi biya, ka ga lauya da wuri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi. Marar hali ya je ofishin Legal Aid Council na jiharsa, wato hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya.