Yadda Ake Zaɓar Labulen Baya da Haska Shi Don Ɗaukar Hoton Mutum a Ƙaramin Ɗaki

Hoton farko da na ɗauka a ɗaki da niyyar ya fito kamar na situdiyo yana nan har yau. Farin zanen gado na kafa a bango, na tsayar da ƙanwata dab da shi, na haska mata fitila daga gaba. Sai ga baƙar inuwa manne a bayan kunnenta, ga layin ninkin zanen ya fito raɗau, farin ma ya koma wani dishi-dishi. Yadin na ɗora wa laifi, har na canja wani, bai gyaru ba. Daga baya na gane cewa matsalar tazara ce: tsakanin mutum da labule, da tsakanin fitila da su biyun. A ƙaramin ɗaki wannan tazarar ita ce jarinka, don haka da ita za a fara.

Fara da awon ɗaki

Kafin ka sayi komai, ɗauko tef ka auna. A ce ɗakin mita 3 ne a faɗi, mita 4 a tsawo. Labulen zai tsaya a bangon da ke ƙarshen tsawon. Ka ware mita ɗaya da rabi tsakaninsa da wanda za a ɗauka, kai kuma ka ja baya mita 2 da kyamara. Ɗakin ya kusa ƙarewa ke nan. In bai kai haka ba, yi amfani da kusurwa zuwa kusurwa, ko ka buɗe ƙofa ka tsaya daga waje kana ɗauka. Ni na sha yin haka, kuma a hoto babu mai ganewa.

Wannan awon ne zai faɗa maka irin hoton da ɗakin zai iya ɗauka. Daga kai zuwa ƙirji, ko zuwa ƙugu, ba matsala. Hoton tsaye tun daga kai har ƙafa kuwa yana son fili da faffaɗan labule, gara ka haƙura da shi a nan.

Gilashin kyamara ma yana da ta cewa. A kyamara mai cikakken firam (wato mai babban sashen ɗaukar hoto a cikinta), idan ka tsayar da ita a tsaye kana mita uku da rabi daga labule, gilashin 85mm yana ganin faɗin kusan mita 1 kawai, na 50mm yana ganin kusan mita 1.7, na 35mm kuwa ya kai mita 2.4. Wato duk ƙanƙantar lambar gilashin, haka gefen labule da kayan ɗaki za su leƙo cikin hoto, ga shi kuma yana kumbura hanci idan ka matso. Mai ɗauka da waya ya danna 2x ko 3x ya ja baya.

Wane labule?

Takardar situdiyo da ake naɗewa ita ce ta fi santsi, ba ta ƙyalli, in ta yi datti a yanke a jawo sabuwa. Tana zuwa da faɗin mita 1.35 ko 2.72. Ta farkon ce ta ƙaramin ɗaki. Yadin auduga ya fi sauƙin ajiya amma yana yamutsewa, kullum yana neman guga. Na leda mai kauri yana goguwa da tsumma, sai dai yana mayar da haske, yakan bar wani farin tabo mai sheƙi a hoto. Karan-miski baƙi yana shanye haske fiye da kowane yadi. Akwai kuma mai zoben waya da ake lanƙwashewa, kusan mita ɗaya da rabi a mita 2, ka jingina shi a bango ka gama. Bangon ɗakinka ma, idan fentinsa ba mai sheƙi ba ne kuma babu soket ko tsaga a tsakiya, labule ne.

In ɗaya kawai za ka mallaka, sayi ruwan toka. A kan wannan ba na sassautawa. Ruwan toka in ka hana shi haske zai koma baƙi, in ka zuba masa haske zai doshi fari, in ka sa wa fitila leda mai launi zai karɓi launin da kyau fiye da fari, wanda ke wanke launi ya bar shi fayau. Irving Penn, mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, ya samu wani tsohon labulen gidan wasan kwaikwayo mai ruwan toka a Paris a 1950, ya yi shekaru yana ɗaukar manyan hotunansa a gabansa. Seydou Keïta kuwa, mai ɗaukar hoto ɗan Mali wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da zanen gadonsa ya fara, da hasken rana, daga baya ya koma yadduka masu zane. Mai zane yana da kyau ƙwarai, amma yana gasa da fuska da tufafi, sai idonka ya saba kafin ka iya sarrafa shi.

Ka dubi kayan da mutum zai sa da launin fatarsa. Mai duhun fata sanye da baƙaƙen kaya a gaban baƙin labule zai narke a ciki, sai an ware shi da haske ta baya. A gaban fari kuma kyamara takan ruɗe: tana ganin farin ya yi yawa sai ta rage haske, fuska ta dushe. Maganinsa ka auna haske a kan fuskar, ba a kan labulen ba.

Ratayewa

Ƙafafun ƙarfe na labule suna cin kusan rabin mita a kowane gefe. Sandar labulen taga da ƙugiya biyu a bango sun fi dacewa da matsattsen wuri. Goge yadin, ka ja shi ya miƙe, ka dame gefe da maƙalai, ka ɗora wani abu mai nauyi a ƙasansa.

Haske

Kashe ƙwan silin tukuna. A ma'aunin launin haske (K), hasken rana yana wajen 5500K, ƙwai mai ɗumin haske kuma 2700K zuwa 3200K. In suka haɗu, rabin fuska zai yi shuɗi-shuɗi, rabi ruwan lemo, kuma gyaransa a kwamfuta aiki ne ja. Haske iri ɗaya ake so. Idan fitilar LED ce, duba kwalinta, a samu CRI (ma'aunin yadda fitila ke nuna launi daidai) 95 ko sama, don fata ta fito da ainihin launinta.

Ga ƙa'idar da komai ya rataya a kanta. Haske yana raguwa da sauri yayin da yake nisa: in nisa ya ninka biyu, abin da ya isa kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ka ajiye fitila mita 1 daga fuska, labule kuma mita 1 a bayan mutum, to labulen yana mita 2 daga fitila, rubu'in hasken fuskar kawai yake samu. Ka ƙara matso da mutum da fitilar tare gaba har labulen ya zama mita 3 daga fitila, zai samu ɗaya cikin tara, ruwan tokan ya kusa zama baƙi. Yanzu juya lissafin: fitila mita 3 daga fuska, labule mita 1 a baya, zai samu fiye da rabi, ya fito da haskensa. Da fitila ɗaya ke nan kana da labule uku. Kana son duhu a baya, matso da fitila kusa da fuska ka rage ƙarfinta. Kana son haske, ja da ita baya ka ƙara.

Ita fitilar kada ta tsaya daidai saitin kyamara. Kai ta gefe kamar digiri 45, ka ɗaga ta sama da kan mutum kaɗan tana kallon ƙasa. Inuwa za ta faɗi ƙasa ta gefe, ta fita daga hoto. Ka lura da kuncin da ke nesa da fitila: idan wani ɗan haske mai kusurwa uku ya bayyana ƙarƙashin ido, ka samu abin da ake kira hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan na ƙasar Holan. Tausasa hasken da lemar ɗaukar hoto ko akwatin haske mai farin yadi a gaba. In babu, farin yadi mara kauri a gaban fitilar ya isa, amma kada ya taɓa ƙwai mai zafi. A ɗaya gefen riƙe farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa.

Taga ma fitila ce, babba kuwa. Sa labulen ya yi kwana da bangon tagar, hasken ya zo wa mutum ta gefe. In rana na faɗowa kai tsaye, rufe da farin labule mai shara-shara.

Wata matsala ta ƙaramin ɗaki ita ce haske ba ya tsayawa inda ka aike shi. Yana dukan bango da silin ya dawo, ya cike inuwar da kake so, ya haska labulen da kake son ya yi duhu. In bangon kore ne, koren zai hau fata. Rataya baƙin yadi a bangon da ke kallon fitila, ka kuma tsayar da baƙin kwali tsakanin fitila da labule. Wannan kwalin kaɗai yakan canja hoto fiye da sabuwar fitila.

Fari fat shi ya fi wuya a nan. Farar takarda ba ta fitowa fara sai an haska ta daban, da haske kusan ninki biyu na wanda ke kan fuska. In ya wuce haka zai dawo ta baya ya cinye gefen gashi, hoton ya yi hazo. Yana son fitila biyu a gefe da gefe da tazarar mita 2, abin da yawancin ɗakuna ba su da shi. Da fitilar baya guda ɗaya, ɓoye ta ƙasa a bayan mutum tana kallon labulen, za ta yi da'irar haske a bayan kafaɗu da ke dusashewa zuwa gefe. A kan ruwan toka wannan ya fi farin kyau a idona.

Gwaji kafin mutum ya zauna

Sa kyamara a saitin hannu: ISO (ƙarfin jin haske) 100 ko 200, buɗewar gilashi f/2.8 zuwa f/4 don baya ya ɗan dushe, saurin ɗauka kuma kada ya wuce 1/200 idan da filasha kake aiki, don a kyamarori da yawa in ya wuce sai baƙin layi ya ratsa hoton. Ɗauki labulen shi kaɗai, ka zuƙo hoton ka duba kusurwoyi huɗu. Sannan ka ɗora filo a kan kujera ka gwada inuwa, kana canja abu ɗaya a kowane ɗauka. Idan ka samu yadda kake so, manna salatif a ƙasa inda ƙafar kujera take, da inda fitila take, da inda kake tsayawa, don gobe ka kafa komai cikin minti biyar.