Filashar da za ka saya in kana ɗaukar hoto a ranar Kano

Duk wanda ya taɓa ɗaukar ango da abokansa da azahar a fili ya san matsalar, farar shadda ta ƙone fat ba ka ganin aikin da ke jikinta, fuska kuma ta yi duhu, ramin ido baƙi ƙirin, in mutum ya sa rawani ko ya karya hula gaba to shi ke nan rabin fuskar ta tafi. Ka gyara saiti don fuska ta fito, sama ta koma fara tas. Maganin abin shi ne ka saita kyamara a kan hasken rana, sannan filasha ta cike maka inuwar fuska. Amma fa ba kowace filasha ce za ta iya da ranarmu ba, shi ya sa nake jin takaici in na ga yaro ya tara kuɗi da ƙyar ya je ya sayo wadda ba za ta yi masa aikin ba.

Abu na farko ƙarfi. In rana ta take, a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske) da shota 1/200 (saurin buɗewa da rufewarta) za ka tsinci kanka a wajen f/11, wato ƙofar lens ta tsuke, to filasha sai ta ba da hasken da zai ratsa wannan ƙanƙanuwar ƙofa. A jikin kwali za ka ga an rubuta GN 60, wato lambar ƙarfin filasha, lissafinsa mai sauƙi ne, ka raba 60 da 11, ya ba ka mita 5 da ɗoriya, nisan da haskenta zai kai kenan. Sai dai wannan lambar an auna ta ne filasha tsirara kuma an zuƙe kanta zuwa 200mm, da ka sa mata lema ko sofbos don haske ya yi laushi ƙarfin ya zube sosai. Don haka ƙananan nan irin su Godox TT685 ko V860 ko V1, mutum ɗaya ko biyu a kusa za su yi maka, amma amarya da ƙawayenta 10 sun jeru, gaskiya kar ka wahalar da kanka.

Ni a ganina wanda ya ɗauki aikin waje sana'a ya daure ya nemi Godox AD200. Ƙarfinta 200Ws ne (Ws ma'aunin ƙarfin bugu ne), V1 kuwa 76Ws, ka ga kusan ninki uku kenan, kuma tana shiga jaka ba nauyi, batirinta na caji ne yana kai wajen bugu 500 a cikakken ƙarfi. AD600 ta fi ta nesa ba kusa ba amma sai da yaro mai riƙewa, ba abin da za ka yi ta hawa Dala da shi a kafaɗa ba ne.

Yanzu maganar HSS, wato tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da shota mai sauri, wadda nan ne ake yawan ruɗar mutane. Yawancin kyamarori ba sa tafiya da filasha in shota ta wuce 1/200 ko 1/250, in ka matsa sai ka ga baƙin layi ya yanke hoton. Kai kuma kana son f/2 don bayan mutum ya narke, wanda da rana sai ka kai shota 1/4000 ko fiye. HSS ce ke ba ka damar nan, filashar takan yi ta ƙyaftawa da sauri-sauri maimakon bugu ɗaya, to dan Allah kar ka sayi wadda ba ta da shi. Amma ka sani tana shan ƙarfi ba kaɗan ba, tana cinye batir, tana kuma sa kan filashar ya yi zafi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ƙaramar filasha kana cikin aiki sai ta ƙi bugawa sai ta huce, ango yana tsaye yana gumi yana kallonka. Dabarar da na fi so ita ce gilashin ND mai rage haske a gaban lens. ND8 zai sauko da kai daga f/11 zuwa f/4 shotarka na nan a 1/200, filasha na bugawa da cikakken ƙarfinta ba asara. ND64 kuma har f/1.4.

Sai tiriga, wato na'urar da ake ɗorawa kan kyamara ta buga filasha daga nesa, X2T ko XPro, ka duba harafin ƙarshe, C na Canon, N na Nikon, S na Sony. Kar mai shago ya ce maka ai duk ɗaya ne.

Wajen aiki kuma ka cire filasha daga kan kyamara, ka juya mutum ya ba wa rana baya ko gefe, ya daina runtse ido, ranar ma ta zana masa haske a kafaɗa da gefen gyale. Ka matso da filashar kusa iya yadda ba za ta shiga hoto ba, don in ka ninka nisa biyu kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai ke isa fuska, wannan matsowar kyauta ce kuma ta fi ƙarin kuɗi amfani. Ka ɗaga ta sama da ido kaɗan, amma mai rawani ka sauko da ita daidai fuska don haske ya shiga ƙarƙashi. Lokacin hunturu iska na kwashe lema ta kifar da sandar gaba ɗaya, sai wani ya riƙe ko ka ɗaura jaka mai nauyi a ƙafarta. A hawan sallah kuwa kar ka buga wa doki filasha a ido yana kusa da kai.

In ta hannu za ka saya, ka tafi da kyamararka, ka fito da ita bakin shago cikin rana, ka sa 1/1, wato cikakken ƙarfi, ka buga sau da yawa a jere ka ga daƙiƙa nawa take yi kafin ta sake shiri, ka gwada HSS a 1/4000, ka buɗe gidan batir ka duba ko ya kumbura ko ya yi tsatsa. In mai shago ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.