Hutun hunturu a Tenerife: kurakuran da 'yan'uwanmu ke ta maimaitawa

Da zarar sanyin Turai ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Jamus su fara neman inda za su je su sha hantsi, kuma Tenerife ce kan zo bakin kowa. Ita ce mafi girma a tsibiran Kanari, mallakar Sifaniya, tana cikin tekun Atlantika daura da kudancin Maroko, tafiyar kamar awa huɗu da rabi daga Landan. Wuri ne mai kyau, babu musu. Abin da ya ishe ni shi ne kurakurai iri ɗaya ake tafkawa duk shekara, na bana ya faɗa ramin da na bara ya faɗa.

Na farko tun daga gida ake yin sa. Izinin zama a Ingila ba biza ba ne. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana da ke zaune a can sai ya nemi bizar Schengen, wato ta shiga Sifaniya da wasu ƙasashen Turai: yuro 90, inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar dawowa. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka a nema tun Satumba, kafin a biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa. Mai katin zama a Jamus ko Faransa ba ya bukatar wannan.

Babban kuskuren da ke cinye hutu ɗungurungum shi ne kama masauki ba tare da sanin ɓangaren da yake ba. Mutum ya ga ɗaki mai araha, ga hoton teku ta taga, ya biya. Haba malam, ka duba taswira mana! Tsibirin nan dutse ne ya raba shi biyu. Iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas takan kwaso danshin teku, ta ci karo da duwatsu, gajimare ya taru a arewa ya zauna. Shi ya sa Puerto de la Cruz da La Orotava suke kore shar, ga gonakin ayaba, amma da hunturu sai a wuni ana lumshi da yayyafi. A kudu kuwa, wajen Los Cristianos da Costa Adeje, ƙasa a bushe take kamar bakin hamada, rana tana kai digiri 21 zuwa 23, dare ya sauko wajen 15.

Sai batun tudu, wanda kusan ba mai tambaya. Duk mita 100 da ka hau, zafi na raguwa da fiye da rabin digiri. La Laguna tana sama da mita 500, dare a can sanyi ne mai ratsa ƙashi. Gidajen kuma an gina su ne don zafi: daɓen tayil, tagogi marasa kauri, da yawa babu hita. Ka shiga bargo ka ji shi da laima, tawul ɗin da ka shanya jiya yana nan sharkaf, yara sun kwana da tari. Wanda ya gudo wa sanyi ya biya kuɗinsa ya sayi wani. Ni dai ƙa'idata, masaukin hunturu a kudu, ƙasa da mita 200, kuma sai mai gida ya rubuta mini ƙarara cewa akwai hita ko na'urar sanyaya ɗaki mai hura ɗumi. Arewa a je ta yawon wuni, a dawo.

Filin jirgi biyu ne, TFS a kudu da TFN a arewa, tsakaninsu kusan awa guda a mota. A duba haruffan kafin a biya.

Teku kuwa, a nan ne raina ke ɓaci. Yawancinmu iyakar iyonmu a rafi ko kududdufi ne, wasu ma ba su taɓa koyo ba, amma sai ka ga mutum ya kutsa cikin Atlantika saboda ya ga Turawa a ciki. Ruwan bai wuce digiri 19 zuwa 20 ba a wannan lokaci, kuma da hunturu ne igiyar ruwa ta fi ƙarfi, musamman a arewa. Tutar da ke bakin yashi ba ado ba ce: ja an hana shiga, rawaya a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa, kore a shiga. Waɗannan tafkunan cikin duwatsu da ake ɗaukar hoto a gefensu sun ci rayuka. Ruwa na kwance lumui, sai igiya ɗaya ta haura ta share wanda ya ba teku baya. Kada ka juya wa teku baya, kada ka saki hannun yaro. In ruwa ya ja ka ciki, kar ka yi kokawa da shi. Yi iyo a gefe, daidai da tsawon gaɓa, ka ɗaga hannu. Lambar agaji 112.

Dutsen Teide tsayinsa mita 3,715, babu kamarsa a duk Sifaniya, kuma dusar ƙanƙara na sauka a kansa. Amma kullum sai ka ga masu silifas da gajeren wando suna karkarwa a sama. Motar igiya tana ɗaukar mutum daga mita 2,356 zuwa 3,555 cikin kamar minti takwas, numfashi na yin sama-sama, saboda haka mai ciwon zuciya da mai juna biyu su haƙura. Ƙarasawa ƙololuwa sai da izinin da ake nema ta intanet tun da wuri. Iska na sa a rufe, don haka a sa shi a kwanakin farko. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska ya jira awa 24 kafin ya hau.

Hazon da muka sani yana zuwa can ma daga Sahara, suna ce masa calima. Mai asma ya tafi da maganinsa da takunkumi.

Abinci: jamón da chorizo alade ne, kuma romon puchero da wasu kayan gashi na ɗauke da shi ko kitsensa, manteca. Faɗin "sin cerdo", wato ban da alade, bai wadatar ba, a tambayi romon. Gasasshen kifi da papas arrugadas, wato ƙananan dankali da aka dafa da gishiri, a dangwala a miyar mojo, sun ishi mutum. Alƙibla kusan gabas sak take.

Motar haya yawanci mai giyar hannu ce. A gangaren hanyar ƙauyen Masca a sa giya ta biyu, kada a ƙona birki, kuma kar a bar jaka a kujera a wuraren tsayawa kallo. Ruwan famfo ba daɗi, a sayi jarka mai lita 5 ko 8. Masu tare mutum a titi da katin kankarewa wai ya ci kyauta, a wuce su. Turare da kayan lantarki suna da sauƙi saboda harajinsu na gida kashi 7 ne, amma a wajen kwastan tsibiran ba sa cikin tsarin harajin Tarayyar Turai: mai komawa Jamus ko Faransa da kayan da suka haura yuro 430 sai ya bayyana su ya biya.