Yadda ake gano haɗarin ciwon zuciya nan da shekara 10

Za a auna jinin mutum biyu a samu 150/90 cif-cif, amma ɗaya ya fi ɗan'uwansa kusa da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Hawan jini ba shi kaɗai yake ɓarna ba, yana haɗuwa da shekaru da sigari da ƙiba da ciwon suga. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawalin da ke haɗa waɗannan, don 'yan shekara 40 zuwa 74. Akwai na Afirka ta Yamma, har da wanda ba ya buƙatar gwajin jini.

Ka fara da awo, domin a nan aka fi tafka kuskure. Kada ka ci goro, ko ka sha kofi ko sigari minti 30 kafin awon. Ka zauna minti 5, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ban da surutu. Ka auna sau 2, sannan ka maimaita wata rana. Lambar sama (kamar 150 a 150/90) ita jadawalin yake so, kuma kada ka raina ta: daga 115, duk ƙarin 20 yakan kusan ninka haɗarin mutuwa ta hanyar zuciya ko shanyewar jiki.

Sai ƙiba. Ka raba nauyinka da tsayinka, sannan ka sake raba sakamakon da tsayin. Mai kilo 80 da tsayin mita 1.70 zai samu 27.7, ya wuce kima.

Da waɗannan, ka je wurin ma'aikacin lafiya ku duba tare: ɓangaren maza ko mata, mai shan sigari ko a'a, layin shekarunka, sai akwatin da awon jini da ƙiba suka haɗu. Launin akwatin ne ke nuna haɗarinka nan da shekara 10: kore ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne, ja kuwa daga 20 ya fara. Ka dubi akwatin wanda ba ya shan sigari mai irin shekarunka, za ka ga abin da barinta zai rage maka. Mai ciwon suga sai jadawalin da ke haɗawa da gwajin kitsen jini.

Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ba ya buƙatar lissafi, haɗarinsa babba ne, ya riƙe maganinsa. In awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji ko karkacewar baki, a garzaya asibiti nan take.