Darasi na 9: Ƙarfin ƙashi da ciwon baya bayan ɗaukewar al'ada

Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55. Daga lokacin wani sinadari na jikin mace mai suna istirojin yakan ragu, shi ne kuwa ke tsare ƙashi. Sai ƙashin ya riƙa lalacewa daga ciki shiru, kamar azarar da gara ta ci. Shi ya sa ɗan santsi a bakin makewayi yakan karya ƙugu ko wuyan hannu.

Jikoki sukan ce, "Kaka, ki zauna, mu za mu yi." Ladabi ne, Allah ya yi musu albarka. Amma wuni kan tabarma yana ƙara raunana ƙashi, domin ƙashi yana ƙarfi ne idan yana ɗaukar nauyin jiki.

Ki fara da tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ranar Damagaram ba ta wasa, don haka ki fita da sanyin safiya ko bayan la'asar. In za ki Kasuwar Dole, ki sauka daga kabu-kabu tun kafin a iso, ki ƙarasa da ƙafa. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida.

Kwana biyu a mako ki ƙara waɗannan. Ki zauna kan kujera mai tsayi, ki miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10. Ki dafa bango, ki tsaya da ƙafa ɗaya, sannan ki canza. Wannan yana rage faɗuwa. Don baya kuwa, ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki ɗaga ƙugu a hankali, ki ƙirga biyar, ki sauke.

A ayyukan gida ne baya ya fi wahala. Shara da gajeriyar tsintsiya a duƙe tana gajiyar da shi. Ki ɗaura mata sanda. Jarka mai lita 25 idan ta cika nauyinta kilo 25 ne. Ki raba ruwan kashi biyu, ki durƙusa, ki jawo kayan kusa da jiki, ki miƙe da ƙarfin cinya. Kada ki murɗa baya da kaya a hannu.

Nono, miyar kuka, zogale da riɗi suna ciyar da ƙashi.

Ki tafi likita ba tare da jinkiri ba idan baya ya soke ki farat ɗaya, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko kin ga tsawonki na raguwa, ko jini ya dawo bayan ya ɗauke.

Aikin gida: ki rubuta ranakun mako, ki sa alama a duk ranar da kika yi tafiya.